Aljihun da Aka Ɗinka a Kife

Ba sunanta ba ne Warware. Sunan da iyayenta suka raɗa mata yana nan a takardun ofis, amma an yi shekara ashirin da ɗoriya ba wanda ya kira ta da shi a shagon ɗinkin. 'Yan matan da ke ƙarƙashinta suna ce mata Anti a gaban idonta, in ta juya baya su ce Warware. Ta san da haka, kuma bai taɓa hana ta barci ba.

Shagon dogon ɗaki ne a bayan wani kantin magani. Kekuna goma sha huɗu, layi biyu, tagogi a gefe guda kawai, da fanka ɗaya mai lanƙwasasshen fiffike da ke ƙara kamar tana ƙorafi. Kayan makaranta suke ɗinkawa, da rigunan ma'aikatan asibiti, da na masu gadi. Teburinta yana kusa da ƙofa, an tokare ƙafarsa ɗaya da nannaɗen kwali. Duk rigar da aka gama sai ta bi ta wannan tebur kafin ta ga dutsen guga.

Ga yadda take aiki. Ta ɗauki riga, ta juya cikinta waje, ta ja ɗinkin da hannu biyu, ta ɗaga ta wajen hasken taga. In ta ga abin da bai yi ba, ba ta ɗaga murya daga inda take. Tashi take yi ta tako har gaban keken mai aikin, ta sunkuya, ta ɗora yatsa daidai inda kuskuren yake, ta ce a hankali, "Warware." Shi ke nan. Ba zagi, ba tone-tonen abin da ya wuce. In aka maimaita kuskuren, sai ta jawo kujera ta zauna, ta ɗinka tsawon yatsa guda a gaban yarinyar, ta miƙe ta ba ta wuri. In kuwa riga ta yi, ba ta cewa komai. Ninke ta take yi, ta buga mata tafin hannu sau biyu. Faf, faf. Duk ƙarar kekunan nan, wadda aka buga wa sai ta ji. Akwai waɗanda suka yi wata uku suna jiran wannan sauti.

Mijinta direban bas ne, mai yawan barkwanci. Yakan ce wa 'ya'yansu, "Ranar da na mutu, kar ku bari uwarku ta ga likkafanin. Wallahi sai ta juya shi ta ce a warware, ku kwana da ni a tsakar gida."

"Ka mutu tukuna mu gani," in ji ta, tana zuba masa ruwan wanke hannu.

Kalmar da bugun duk ba nata ba ne, gado ta yi. Tana da shekara goma sha bakwai ta shigo shagon neman koyo, ga ta bahaguwa. Mai yankan yadi na wancan lokaci ya kalli yadda ta riƙe almakashi ya ce a mayar da ita gida, bahagon hannu ɓarnar yadi kawai zai yi. Wata mata da ke keken ƙarshe, kusa da taga, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Ku turo mini ita." Wannan ita ce Iya. Iya ta juya mata fitila zuwa ɗaya gefen, ta koya mata ta kwantar da yadi ta inda hannunta yake so. Sannan ta ba ta wuyan riga guda ɗaya ta sa ta warware shi sau goma sha ɗaya. Bayan na goma sha ɗayan, yarinyar tana kuka majina na zuba, Iya ta ninke rigar ta buga mata hannu sau biyu, ta ce, "Je ki wanke fuskarki, kin zama abin tsoro."

Da tsohon mai shagon ya nemi wadda za ta shugabanci masu ɗinki, Iya ya fara yi wa magana. Ta ce, "Ni keke na sani, ban san takarda ba. Ga bahaguwata nan, ba ta jin kunyar kowa." Haka Warware ta zama shugabar wadda ta koya mata. Shekara da shekaru rigunan Iya suna zuwa teburin, ana juya su don cika ƙa'ida kawai. Ba a taɓa samun komai ba.

Tsohon ya rasu, ɗansa ya zama manaja. Yaro ne mai hankali, ba shi da mugunta, sai dai yana son duk abin da ya ji a taro. Wata rana ya dawo daga bitar kwana uku kan yadda ake tafiyar da ma'aikata, ya kira ta ofis.

"Anti, an koya mana wata dabara. In za ki gyara wa mutum kuskure, ki fara da yabo, ki sa gyaran a tsakiya, ki rufe da yabo. Ta haka ba zai ji zafi ba."

"To in bai ji zafi ba, ta yaya zai san an taɓa shi?"

"Ki dai gwada, Anti."

Ta gwada. Ta je gaban wata da ake kira Doguwa, ta tsaya kamar mai karanta sanarwa. "Ɗankwalinki ya yi kyau. Warware. Kuma kina zuwa aiki da wuri."

Doguwa ta cire ƙafa daga keke, idonta ya cika da ƙwalla. "Anti, don Allah me na yi? Korata za a yi?"

Ɗakin ya fashe da dariya, Iya ta yi ta yi har da riƙe ciki. Daga ranar ba a sake maganar dabarar manaja ba.

A shekarar da Iya ta haura sittin da biyar, abubuwa suka fara canzawa. Da farko zare ne. Takan miƙa wa ta kusa da ita ta ce, "Sa mini, allurar zamani ba ta da ido." Aka yi dariya. Sai ta fara matsowa da fuskarta dab da keken har hancinta na neman taɓa yadi. Sai wata safiya Warware ta ɗaga rigar makaranta wajen taga, ta ga kalmasar ta tafi ta dawo kamar sawun mai maye. Ta duba alamar allin da kowace ke sawa a cikin wuya don a san mai ɗinki. Alamar Iya ce.

Ta miƙe. Ta yi taku biyu. Ta hango tsohuwar can a ƙarshen layi, ta duƙufa, ɗankwali ya zame, furfura a waje. Ba ta ƙarasa wurinta ba. Ta koma ta zauna. Ta ninke rigar, ta buga mata hannu sau biyu, sannan ta zura ta cikin wani kwali a ƙarƙashin tebur.

Da aka fita hutun rana, kowa ta ɗauki kwanonta zuwa inuwar bayan shago, ita ta ce kanta ke ciwo. Ta tura ƙofa, ta ɗauki reza, ta warware kalmasar, ta sake ɗinka ta. Washegari riguna biyu. Bayan wata guda, kusan duk abin da Iya ta taɓa sai ya bi ta kwalin nan. Wata biyar tana haka. Kwanon abincinta yana komawa gida yadda ya zo.

"Wai ke azumi kike yi ba ki gaya mini ba?" in ji mijin. "Ko girkin naki ne ya kai ki ce a warware?"

Ta ɗauke kwanon ta wuce. Da ya ga ba ta rama ba, sai ya dube ta da kyau.

Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne aljihu. Wata Talata rigar mai gadi ta zo da aljihun ƙirji a kife, bakinsa yana kallon ƙasa. Ta daɗe tana kallonsa. Karkataccen ɗinki daban, wannan daban. Ta ce a ranta, ashe idon ya tafi gaba ɗaya. Ta cire shi ta juya. Mako na gaba wani ya sake zuwa a kife. Na gaba ma haka.

A kan aljihu na uku manaja ya same ta. Ya shigo neman tef ɗin awo, ya tarar da ita ita kaɗai, reza a hannu, kwali a buɗe. Ya ɗaga riga ɗaya, ya ga alamar allin. Ya ɗaga ta biyu. Ya zauna a kan kujerar Doguwa.

"Tun yaushe, Anti?"

"Ba ruwanka. Aiki yana fita, ba wanda ya dawo da kaya."

"Ke fa? Dubi wuyanki. Ranar da kika kwanta ciwo, wa zai gyara?" Ya murza goshi. "Ke ce mai gaya wa kowa gaskiya a ɗakin nan. Ni ma kin gaya mini. Zuwa ƙarshen makon nan ki yi mata magana. In ba za ki iya ba, ni zan kira ta ofis, in ba ta takardar sallama da mutunci, da duk haƙƙinta."

Warware ta dube shi. Gajeren wandon da ya fara zuwa makaranta da shi, Iya ce ta ɗinka. A ranta ta ga tsohuwar zaune a ofishinsa, yaron yana fara mata da yabo yana rufewa da yabo, yana miƙa mata takardar da ba za ta iya karantawa ba. Ta san Iya. Za ta yi godiya, ta ɗauki jakarta, ba za ta sake bin ko titin ba har ta mutu.

"Ni zan yi," ta ce.

Laraba ta wuce, ba ta yi ba. Alhamis ma haka. Ranar Juma'a da aka tashi hutun rana, ta ce, "Iya, ɗan tsaya." Ta tura ƙofa. Ta fito da shayin da ta zo da shi daga gida, ta zuba a kofi biyu, ta ajiye a gefen keken. Matar da ba ta taɓa kewaye-kewaye ba a rayuwarta, sai ga ta tana laluben dabarar manaja.

"Iya, kin san duk ɗakin nan ba mai hannunki. Shekara arba'in da..."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu."

"To me ya kawo shayi da kirari? Ɗankwalina ma ya yi kyau, ko?"

Warware ta sunkuyar da kai. Fankar tana ta ƙorafinta a sama. Iya ta laluba ta ɗauki kofin, ta kurɓa, ta ajiye.

"Aljihu nawa kika juya mini?"

Warware ta ɗago da sauri. "Iya?"

"Ina tambayarki. Nawa?"

"Uku."

"Uku. Yanzu ke, da hankalinki, kina tsammanin akwai makantar da za ta sa ni ban san bakin aljihu ba? Ko a cikin rijiya aka sa ni, da yatsa zan gane. Da gangan na yi, bahaguwa."

"Da gangan?"

"Tun wata na farko na san kina bin bayana. Na je wajen guga neman almakashina, na shafa wata riga mai alamata, na ji ƙarshen ɗinkin an koma baya sau uku. Ni sau biyu nake komawa. Sau biyu na koya miki, kika ƙara ɗaya don taurin kai, na ƙyale ki. Duk garin nan ke kaɗai ce mai uku." Ta sake kurɓar shayin. "Kuma bugun da kike yi wa rigunana. Kina tsammanin ban san sautinsa ba? Ni na ƙirƙiro shi. Na gaskiya yana da nauyi. Naki na kwanan nan kamar mai lallashin jariri."

"Ban so ki ji ciwo ba ne, Iya."

"Ai kuwa na ji. Kullum ina ganin inuwarki tana tasowa daga tebur, in ce yau za ta zo. Sai ki tsaya wajen Doguwa. Sai ki tsaya wajen waccan mai surutun. Kowa a ɗakin nan ma'aikaciya ce, ana tsayawa a kanta a ce mata ta yi ba daidai ba. Ni kaɗai kika mayar da ni hoton bango. Shi ne na ce bari in yi abin da ko jaki zai gani. Na kife aljihu, na zauna ina jira. Ya dawo a gyare. Na koma gida ranar ban ci abinci ba."

Warware ta ce, da ɗan zafi, don halinta bai bar ta ba, "To ke me ya hana ki faɗa? Kina da baki. Kin san idonki ya lalace, kika zauna kina zargin allura."

Iya ta shafa gefen keken, inda fenti ya goge saboda shekarun da hannunta ya yi a wurin.

"Tsoro," ta ce. "Ɗana ya yi ta fama in je asibiti, na ce lafiyata ƙalau, ai ga shi ko a wajen aiki ba a taɓa dawo mini da riga ba. Da ke nake kare kaina. In dai ba ki faɗa ba, to bai faru ba. Ina so ki faɗa, ina tsoron ki faɗa. Fuskarki ma yanzu ba na gani, sai dai tsayinki da wannan tafiyar taki kamar soja."

A waje ana jin 'yan matan suna gardama kan wani abu, ana ta shewa.

Sai Iya ta sunkuya, ta jawo wata rigar mai gadi daga ƙarƙashin kekenta, ta tura mata. "Ga na huɗu. Da safe na yi shi. Yi aikinki."

Warware ta karɓa. Ba ta gajarta komai ba. Ta juya cikin rigar waje, ta ja ɗinkin kafaɗa da hannu biyu, ta ɗaga ta wajen taga. Sannan ta miƙe tsaye, ta sunkuya kamar yadda take yi wa kowa, ta kama hannun tsohuwar ta ɗora yatsanta a kan aljihun, ta gangara da shi zuwa kalmasar da ta karkace ba da gangan ba.

"Warware, Iya. Nan da nan. Kuma ranar Litinin ni zan kai ki asibiti, ba ɗanki ba, don shi kina raina shi."

Iya ta ja dogon numfashi kamar wadda aka sauke wa kaya. Ruwa ya gangaro mata a kumatu.

"Idon ne," ta ce. "Haka yake yi."

"Na sani. Nawa ma ya fara."

"Miƙo rezar, sarkin surutu."

Ta warware aljihun da yatsa, ba ta ko kalle shi ba, kuma ba ta yanki yadin ko kaɗan ba. Warware tana tsaye tana kallon yatsun nan suna bin zare ɗaya bayan ɗaya. Kafin 'yan matan su dawo, ta riga ta san abin da za ta gaya wa manaja.

Ba ta roƙe shi ba. Ta shiga ofis da riguna goma, ta ce ya kira Iya ya ga wani abu. Iya ta zauna ta shafa su ɗaya bayan ɗaya, ta ware uku. Ɗaya zaren ƙasa ya yi sako-sako, ɗaya hannun hagu ya fi na dama da rabin yatsa, ɗaya maɓallin an ɗaura shi da ganda. Biyu daga ciki ita kanta Warware ba ta lura da su ba, kuma ta faɗi haka a gabansa. Manaja ya buɗe aljihun tebur, ya tura wata takarda can ciki, ya rufe.

A asibiti aka ce yanar ido ce. Aka yi mata aiki, ido ɗaya ya washe, ɗayan an makara. Ba ta koma kan keke ba, kuma kar wani ya ce abin bai dame ta ba. Ranar da aka ba wata sabuwa kekenta na kusa da taga, ta yini ba ta yi wa kowa magana ba, kuma ta fi wata guda tana cewa yarinyar tana taka shi kamar mai kashe kunama. Amma an sa mata kujera a teburin ƙofa, gefen dama, tunda bahaguwa ta cinye hagu. Riga ta bi ta idon Warware, sannan ta bi ta hannun Iya. 'Yan matan suka ce da can bala'i ɗaya ne, yanzu ya zama biyu. Kwanon Warware ya koma zuwa gida wayam, mijin ya ce to madalla, ashe girkin bai mutu ba.

Bayan wasu watanni wata makaranta ta kawo sabon aiki, ana son samfuri guda a gani kafin a ba da sauran. Irin wannan shugaba ce ke ɗinkawa da kanta. Warware ta zauna ta ɗinka shi, ta goge, ta kawo tebur za ta sa a leda. Iya ta miƙo hannu.

"Kawo nan. Wa ya ce ke ba a duba ki?"

Kekunan suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Doguwa ta taɓa ta kusa da ita da gwiwar hannu. Iya ta juya rigar, ta bi kafaɗa, ta bi hannu, ta bi kalmasa, ta tsaya a ƙarshen ɗinki ta yi tsaki a kan komawa ukun nan. Ta hau wuya ta sauka, ta sake hawa. Sannan ta ninke rigar tsaf, ta ɗaga tafin hannu.

Faf.

Aka jira. Hannun ya koma cinyarta.

"Ɗayan fa, Iya?"

"Sai kin gyara wuyan. Gefen dama ya ɗaga."

Warware, mai shekara hamsin da ɗaya, shugabar mata goma sha huɗu, ta ɗauki rigar ta ɗaga ta wajen taga. Gefen dama ya ɗaga. Ta jawo kujera ta zauna, ta ce wa Doguwa ta rufe baki ta ara mata reza.